Kawu, Ƙyallen Ya Jiƙe Daidai

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanda masu dawaki suka fi sani da Mai Zubka. Ya rasu a ɗakinsa, bayan jinyar ciwon ƙirji da ya yi ta fama da ita tun farkon shekara. Allah ne Ya ba mu aronsa, kuma wurinSa za mu tarar da shi.

Kawu, na saba rubuta abin da ya gudana a yinina, ko da layi biyu ne. Shafin ranar nan har yanzu fari yake. Duk abin da na fara sai in ga ya yi maka kaɗan, ko kuma ya yi yawan da kai da kanka za ka ce in rage. Wannan ma ban tabbata ya yi ba. Amma akwai aikin da ka tafi ba ka ji ƙarshensa ba, kuma bai kamata in yi shiru a kansa ba.

Ga wanda bai san sana'arka ba, zubka ita ce shimfiɗar da ake sa wa doki a baya kafin a ɗora sirdi. Ita ka yi rayuwarka kana ɗinkawa, a ɗan shagon nan na ƙarshen layin masu gyaran takalma. Ina ganinsa ko na rufe ido: teburin da wuƙa ta gama zanawa, basilla soke a jikin dunƙulen kaki, buhun gashin tumaki a bayan ƙofa, da tabaranka mai hannu ɗaya da ka ɗaure da zare. A ƙofar shagon kuma akwai igiya, kullum da fararen ƙyallaye a kanta.

Ƙyallayen nan su ne ma'auninka. Ba ka taɓa zaɓa wa doki zubka daga zaune ba. Sai ka je inda yake, ka shimfiɗa masa farin ƙyalle a baya, a ɗora sirdi, mai shi ya hau ya zaga har gumi ya karyo. In an sauke, sai ka ɗaga ƙyallen ka duba shi a hasken rana. Inda ya jiƙe bai ɗaya, nauyi ya bazu. Inda ya bushe a tsakiyar jiƙa, nan sirdi ke danna nama har gumi ya kasa fita. Layin ƙashin baya kuwa so kake ka gan shi tas, alamar babu abin da ya taɓa shi. In mai doki ya fara yi maka bayanin yadda yake jin zama, sai ka ce, "Kai kana da baki, ai za ka faɗa. Bari in ji ta bakin wanda ba shi da shi."

Mutane da yawa sun zo gaisuwa da labarinka. Wani mai keken doki da ke ɗaukar bulo ya ce ka taɓa tare shi a titi, ba ka san shi ba, ka sa ya kwance dabbarsa saboda ka hango tana ɗage kafaɗa ɗaya. A bakin titin ka zauna ka farke matashin da ke bayanta ka sake cusa shi. Ya ce ya yi ta zaginka a zuci don ka ɓata masa lokaci. Yana faɗa yana share ido.

Nawa labarin na 'yata ne. An haife ta da raunin ƙafafu, kuma likitarta ce ta ce a gwada mata hawan doki, ko bayanta zai yi ƙarfi. Kai ka kai mu bargar da ke bayan gari, inda ake koya wa yara hawa, kai kuma ka zaɓa mata Dattijo, tsohon dokin da ko ganga aka buga a kunnensa ba ya razana. Ranar farko ta ƙanƙame wuyanka tana kuka. Ka ce mata, "Haba Direba, mota ta ƙi tashi kin ce laifin fasinja ne?" Ta yi dariya da hawaye a fuska, sunan kuma ya bi ta. A ƙasa sai an riƙe ta take tsayuwa. A bayan Dattijo kuwa zama take yi cak, ita ke juya shi hagu da dama. Duk mako Asabar take jira.

Bana Dattijo ya fara canzawa. Tsufa ya sa bayansa ya lotsa, sirdin ya koma yana tokare gaba da baya, tsakiya a sama. Da ya hango sirdi sai ya kwantar da kunne. Rannan har ya kai wa mai bargar cizo tana ɗaure masa majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi. Matar ta kira ni gefe ta ce ba za ta sake ɗora yarinya a kan dokin da ke jin ciwo ba. In bai daidaita ba za ta mayar da shi gona ya huta, kuma ba ta da wani mai haƙurin da zai ɗauki 'yata.

Na zo maka a rikice, na tambaye ka ko in sayo zubka mai kaurin nan ta soso da ake sayarwa a kasuwa. Kana tari kana dariya ka ce, "Ɗan ƙanwata, in takalmi ya matse ka, safa kake ƙarawa?" Ka ce ba kauri bayansa ke nema ba, a cike masa inda ya rame, a sassauta masa inda ake danna shi.

Inna, matarka, ta hana ka fita, ka ce iska za ka sha. Na ɗauke ka a mota. Na ga yadda ka jingina da jikin dokin don numfashinka ya dawo, kana shafa bayansa kana cewa, "Ni da kai sa'o'i ne, kowa bayansa ya gaji." Ka kama hannuna ka tura shi ƙarƙashin sirdi, ka ce in ji inda ya matse da inda hannu ke yawo. Na ce na ji. Gaskiya ban tabbata na ji ba.

A kan gadonka ka ɗinka zubkar. Ka yi mata aljihuna a kowane gefe, ka yanka gutsattsarin matsattsen gashin tumaki, wasu sirara wasu masu kauri, waɗanda za a riƙa zurawa ana cirewa har a dace. Ka ce in ka ji sauƙi za mu je mu gwada tare. Ba mu je ba.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, Inna ta miƙo mini zubkar da kwandon gutsattsarin, da farin ƙyalle a ninke a kai. Na ce mata ni ba sana'ata ba ce, ina tsoron in ƙara wa dabbar ciwo. Ta ce, "Hannunka ya kama ya sa a wurin, ba nawa ba. Ɗauki ka tafi."

Na bi yadda na ga kana yi, daki-daki. Wani mai koyar da hawa a bargar ya zaga da Dattijo. Gwajin farko ƙyallen ya fito da busassun wurare a bayan kafaɗa. Na zauna a kan bokiti ina ta jujjuya shi. Daga baya na zare gutsattsarin da ke aljihunan gaba, na ƙara mai kauri a tsakiya inda bayan ya lotsa. Washegari hagu ya gyaru, dama da saura. Na sake rage siriri ɗaya. A gwaji na gaba, da aka ja majayi, Dattijo bai kwantar da kunne ba. Ya sauke kai ya yi dogon numfashi. Mai bargar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kawo yarinyar Asabar mu gani."

Direba ta hau, Kawu. Ta zaga filin, bayanta a miƙe. Da aka sauke sirdi na ɗaga ƙyallen a rana kamar yadda kake yi, na ga kamar ya yi, amma ka san ni, ban yarda da idona ba. Na fara ninke shi, sai Direba ta ce, "Baba, kar a wanke. A kai wa Inna ta gani."

Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk ƙyallen da ka karanta tun kuna da ƙuruciya, ita ta wanke shi ta shanya. Muka same ta a shagon tana kwashe kaya. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan teburinka, ta sa tabaranka mai zare, ta bi layin tsakiya da yatsa daga sama har ƙasa, ta dubi hagu, ta dubi dama. Sannan ta ce, "Ya jiƙe daidai. Da yana nan, da ya ce a bar shi haka." Ta ɗora tafin hannunta a kai. Dattijo yana nan a barga, Kawu. Direba za ta koma Asabar.

Ya Allah, bawanKa ya ƙare kwanakinsa yana sauƙaƙa wa bayin da ba su da bakin kai ƙara. Ka sauƙaƙa masa kwanciyar kabari, Ka yalwata masa shi, kada Ka bar abin da zai danne shi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka saukar da shi a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yansa da jikokinsa, da mahaifiyata da ta rasa yayan da ya riƙe ta, da maƙwabtansa na layin masu takalma, da duk mai dokin da ya taɓa tsayawa a ƙofar shagon nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.