Irin Masarar Kakata

Jiya a kasuwar Gwaram na ɗauki wata masara mai ƙanshin hayaƙi, sai kakata, Inna, ta faɗo mini a rai. Kafin girbi takan shiga tsakiyar gona ta zaɓi masu cikakken goyo, ta rataye saman murhu saboda ƙwari.

Shekarar babban fari, rediyo na ta labarin arzikin mai, rumbunmu kuwa wayam. Baba ya miƙa hannu zai sauke irin a niƙa. Inna ta riƙe shi gam.

"Ɗan nan, ko ganyen tafasa za mu ci, wannan sai ƙasa."

Mun rame ƙwarai. Amma da ruwa ya sauka muka shuka, har muka sam wa maƙwabta.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna.