Abin da Muka Binne a Gindin Mangwaro

Lokacin da nake takabar Malam, Allah ya jiƙansa, ba dangina ne suke kai mini niƙa ba. Jemima ce, maƙwabciyata a unguwar Mayo Gwoi. Wata huɗu da kwana goma, duk Litinin da Alhamis sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Maman Auwal, kawo masaranka." Har ta bar duniya "kai" take ce mini, ban taɓa gyara mata ba. Takan dawo da garin a tankaɗe, in na yi godiya ta ce in bar wannan dogon Larabci, rana tana yi.

Mumuye ce daga wajen Zing. Aure ya kawo ta Jalingo, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Joan. Da sayar da doya ta raini yarinyar har ta zama malamar makaranta a Wukari. Jemima takan ƙwanƙwasa doya da yatsa ta san ko akwai ruɓa a ciki. Mai saye ya raina mata kaya, sai ta ce, "Oga, je ka sayi rogo, shi ne daidai da kai." Ranar Lahadi ba ta fita kasuwa. Takan ɗaura zanen Zumuntar Mata ta wuce coci tana waƙa, ni kuma in juya mata tukunyar wakenta kada ta kama.

Wata rana ta shigo ɗakina, ta sakaya ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a kan nononta na hagu. Na ji ƙululu kamar ƙwallon goruba. Ta ce kada Joan ta ji, jarrabawar ƙarin girma ce a gabanta.

Ni na raka ta wani ƙaramin asibitin kuɗi aka yi mata aiki. Ba zan faɗi sunansa ba. Da aka fito da ita, wani ma'aikaci ya miƙo mini wata 'yar roba mai murfi, abin da aka cire yana ciki, a cikin wani ruwa mai yaji a ido. Ya haɗa da takarda da rubutun likita, ya ce, "Mama, ga naku." Waya ce a kunnensa. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya juya.

Ni aji uku na yi a firamare, sai Islamiyyar matan aure. Abin da na sani shi ne jikin ɗan'adam yana da daraja. Mu ko mabiyiya ba ma yarwa, binnewa muke yi. Da muka dawo gida na faɗa wa Jemima haka. Ta ce su ma a Zing haka ne, abin da ya fita daga jikin mutum ƙasa ake ba. Sai na ɗauko ragowar farin yadin da aka yanki likkafanin Malam, na juye abin, na wanke shi da ruwa mai tsabta, na naɗe, na haƙa rami a gindin mangwaronta na sa shi a hankali. Robar na jefa a masai. Takardar kuwa Jemima ta sa a cikin Baibul ɗinta, don a wurinta duk takardar da ba ta iya karantawa muhimmiya ce.

Ranar na kwana da farin ciki, ina ganin na yi wa maƙwabciyata abin kirki.

Shekara biyu ba ta cika ba ciwon ya dawo. Wannan karon a hammata, sannan a hanta. A babban asibiti suka kira shi da sunansa, ciwon daji, suka ce ya yi nisa. Aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, bai riƙe shi ba. Joan ta ɗauki hutu ta dawo gida.

Joan ba ta iya zama ta zuba ido ba, halin uwarta ne. Kullum tana kan waya tana rubuta wa mutanen da ba ta sani ba. Bayan kamar wata guda ta shigo da gudu ta ce ta samu. A wani asibitin koyarwa can kudu ana gwada wani sabon magani a kan masu irin wannan ciwo da ya bazu, kuma mutum kaɗan za a ɗauka. Ta buɗe muryar wayar muka ji likitar da ke kula da gwajin, wata mace mai magana a hankali, Joan tana fassara mana. Ta ce ba alkawarin warkewa ba ne, bincike ne, zai iya taimakawa, zai iya ƙi, kuma duk ranar da Jemima ta ga dama za ta iya fita.

Jemima ta ce, "Wato ni ce ɓeran gwaji?"

Joan ta ce, "Mama, don Allah."

"To ki ce mata ɓeran ya yarda."

Muka yi dariya. Sai likitar ta faɗi sharaɗi biyu. Na ɗaya, mara lafiya ta kasance tana iya tashi ta yi wanka da kanta. Wannan Jemima tana yi. Na biyu, ciwon nan iri-iri ne, maganin kuma na iri ɗaya ne, don haka sai an aika musu da naman da aka cire tun farko. Ta ce ɗakin gwaje-gwajen da aka kai shi yana ajiye shi a cikin wani abu kamar kakin kyandir, shekara da shekaru ba ya lalacewa. Sunan wurin kawai take so.

Joan ta juyo. "Mama, ina aka kai?"

Jemima ta dube ni. Na dubi tabarma.

Ni na faɗa da bakina. Jemima ta ɗauko takardar daga Baibul. Joan ta karanta. Ashe takardar neman gwaji ce. Ashe robar nan ɗakin gwaji aka so mu kai, ruwan da na zubar kuma shi ne yake hana naman ruɓewa.

Joan ba ta zage ni ba. Da ta zaga da ya fi mini sauƙi. Fartanya ta ɗauka ta nufi gindin mangwaro, da rana tsaka, ta ce in nuna mata wurin. Na nuna. Ta yi ta haƙa har ta ci karo da ƙyallen. Ya koma launin ƙasa. Ta buɗe, babu komai sai saiwoyi ƙanana da suka ratsa shi. Ta ce, "Hajiya, kin yi masa addu'a ma ko?" Na kuwa yi.

Likitar ta ce akwai sauran hanya, a ciro wani daga hantar da allura. Amma jinin Jemima ya yi ƙasa, sai da aka jira mako uku. Aka ciro, aka aika, aka ce injin ya lalace, aka tura wani gari. Mako shida muna jiran sakamako. Ina lissafe da su, domin a mako na huɗu ne na fara riƙe ta zuwa banɗaki, a na biyar na fara yi mata wanka. Da sakamako ya fito, irin da suke nema ne daidai. Joan ta ce mu ce tana tafiya da ƙafarta. Jemima ta ce, "Zan je har can in yi ƙarya a gaban mutane, a kan keken guragu?" Joan ta faɗa wa likitar gaskiya. Matar ta ba da haƙuri, ta ce ba za su iya ɗaukar ta ba.

Na san kwana na Allah ne, ban taɓa shakka ba. Mai yiwuwa maganin ma da bai yi mata komai ba. Amma har yau nakan tuna mutumin nan da wayarsa. Kalma huɗu ta ishe shi: ku kai a gwada. Nakan kuma tuna yadda na wanke abin nan da kyau, har sau uku.

Jemima ta rasu da damina, bayan an fara cin sabuwar doya. Joan ta rufe gidan ta koma Wukari ba ta yi mini sallama ba. Mangwaron yana nan, rassansa sun tsallako katangata, ban taɓa cin ko ɗaya ba.

Duk Lahadi bayan azahar, lokacin da na san an tashi daga coci, nakan kira Joan. Wayar takan yi ta ƙara har ta yanke. An fi shekara ana haka. Ina yi ne saboda wata safiya ina shafa wa Jemima mai a ƙafa, ta riƙe mini hannu ta ce:

"Maman Auwal, yarinyar nan ba ta da kowa. Zai yi fushi da kai, na san halinta. Ka riƙa kiranta ranar Lahadi. Ko ba ta ɗauka ba, ka kira."