Jan Gilashin Malam Ilu

A unguwar Zaitawa da wuya ka shiga gidan da babu hoton da Malam Ilu ya ɗauka. Ya koyi sana'ar tun yana saurayi a wurin wani Bayarabe a Sabon Gari, ya dawo cikin birni ya mayar da zauren gidansu shago. Kyamararsa irin ta da ce mai ido biyu: ta saman ake leƙawa, na ƙasan ne ke ɗaukar hoto. Yana da wani gwangwanin alewa da yake ajiye filtoci, wato ƙananan gilasai masu launi da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Ruwan ɗorawa na fuskokin mutane ne. Ja kuwa na badala ne, don idan ya ɗaura shi a fim baƙi da fari sai sama ta yi duhu, jar ƙasar ganuwa ta fito fes, har ka ga sawun hannun magina.

Da wayoyi suka zo, ciniki ya mutu a hankali. Abokan sana'arsa suka koma ɗaukar bidiyon biki, shi ya ƙi. Ya ci gaba da zuwa wajen Ƙofar Ɗan Agundi da hantsi yana ɗaukar abin da ya rage na ganuwa, wadda ruwa ke ci ta sama, masu ɗibar ƙasa na ci ta gindi. Ba mai sayen hotunan. A lokacin ne kuma idonsa ya fara yin hazo, bai gaya wa kowa ba.

'Ya'yansa biyu suka rage a gabansa, Bahijja da autansu Mustafa. Mustafa ya iya gyaran wutar mota, amma garejin da yake aiki aka rushe shi wajen faɗaɗa titi. Ya yi zaman banza har ya gaji. Wata rana bayan sallar la'asar ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, zan bi su abokina Nazeer Libiya. An ce ana neman masu aikin hannu."

"An ce. Wa ya ce?"

"Waɗanda suka je, Baba."

"Waɗanda ba su dawo ba fa, me suka ce?"

Mustafa ya sunkuyar da kai. Malam Ilu ya san ya riga ya yanke shawara, kuma ba shi da abin da zai miƙa masa a madadin tafiyar. Ya sa masa albarka.

Ranar tafiya mahaifiyar Mustafa, 'Yardada, wadda duk zamansu ba ta taɓa yarda mijinta ya ɗauke ta hoto ba, ta yafa mayafinta mai ruwan toka ta fito soro da kanta.

"Malam, ka ɗauke ni da Auta. Amma mai kala nake so."

Akwai fim mai kala guda ɗaya da ya daɗe a ajiye. Malam Ilu ya sa shi da sauri, don mai babur na jira a waje. Suka tsaya a ƙofar gida, ya leƙa ta idon sama, ya ga uwa da ɗa tsaf, Mustafa na dariya yana kare rana da hannu. Ya danna. Jan gilashin da ya yi aikin ganuwa da shi jiya yana nan a idon ƙasa, shi kuwa bai gan shi ba.

Mustafa ya kira daga Agadas, muryarsa garau. Daga nan shiru. Damina ta wuce, aka yi azumi, aka yi salla. Sai ga Nazeer ya dawo a rame, leɓunansa duk tabo. Ya tsaya a ƙofar zauren ya kasa shiga. Ya ce motarsu ce ta lalace a cikin sahara, ruwa ya ƙare. Mustafa ya yi ta fama da injin har ya tashi, amma shi bai kai rijiya ba. A cikin yashi suka rufe shi.

Liman ya ja sallar gawa ba gawa a gaba. Bayan an watse daga zaman makoki 'Yardada ta ce, "Malam, hotona da Auta fa?"

Fim ɗin na cikin kyamara tun ranar. Shi baƙi da fari kawai yake wankewa a gida, don haka Bahijja ta raka shi wani shago a bayan Ƙofar Nassarawa, inda har yanzu ake wanke mai kala. Wata budurwa mai suna Sadiya ce ke kula da injin. Da ta fito da hoton sai ta riƙe shi a hannu, ta kasa miƙawa.

"Baba, ko fim ɗin ne ya lalace?"

Ya karɓa ya kai shi dab da idonsa. Komai ja ne wur: bango, mayafi, sama. Mutum biyu a tsaye kamar inuwa a cikin jini. Ya shafa bakin kyamarar da ke rataye a wuyansa, yatsansa ya taɓa gilashin.

"Fim lafiyarsa ƙalau, 'yata," in ji shi.

Sadiya ta ce za ta gwada a kwamfuta. Ta cire launin, ta mayar da shi baƙi da fari, ta ƙara haske. Fuskar 'Yardada ta fito kaɗan. Ta Mustafa kuwa, da yake inuwar hannunsa ta faɗa kanta, sai ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, haƙoransa kawai ake gani.

A gida 'Yardada ta daɗe tana kallonsa a bakin ƙofar ɗaki. Bahijja ta kawo wayarta ta nuna mata wani hoto da Mustafa ya taɓa turo mata, wanda waya ta goge masa fuska ta yi fari sumul, har tabon goshinsa ya ɓace.

"Wannan ba Auta ba ne," in ji 'Yardada. Ta ɗaga na takardar. "Wannan ma ba shi ba ne."

Ba ta yi wa mijinta faɗa ba, ko sau ɗaya. Shi da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta sa hoton a ƙarƙashin katifa, ta daina fitowa tsakar gida sai don alwala.

Bahijja ce ta matsa har ya je asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar dama, ta hagu ma saura kaɗan. Da an zo da wuri da an tare shi. Aka ba shi maganin ɗigawa.

Yanzu an ba wani tela hayar zauren. Malam Ilu na zama a kan dakali a waje, yana gane masu wucewa da muryarsu. Nazeer, wanda ya koma tura kurar ruwa a unguwar, kullum sai ya ajiye masa jarka ɗaya a ƙofar gida. Yakan gaishe shi a gurguje ya wuce, don har yau tsohon bai daina tambayarsa ko ta wace fuska suka juya kan Mustafa lokacin da suka binne shi ba.