Ranar da Hajiya ta hana a yi tambayar

Cikin duk abin da na gani a zamana na Guangzhou, akwai wata hira ta ɗaukar ma'aikaci da ba na jin za ta fita daga raina.

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ne. Hukuma ta tsananta maganar biza, 'yan'uwanmu da yawa sun tattara sun koma gida. Lokacin ina aiki a ofishin tura kaya na wata Hajiya 'yar Maraɗi, ita da ƙanenta. Mai duba mana wandunan jins a garin Xintang ya tafi, ga kwantena tana jiran lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

Sai wani magidanci ɗan Kano ya zo neman aikin. Yana jin Sinanci daidai ciniki, amma ofisoshi da dama sun sallame shi, bizarsa kuma ta kusa ƙarewa. Ƙanen Hajiya yana da tambayar da yake fara yi wa kowa, wato ko ya taɓa zama gidan yari, kuma wanda ya ce e, hira ta ƙare. Ya buɗe baki ke nan Hajiya ta tare shi.

"Bari tukuna. Aiki za mu ba shi, ba 'ya ba. Malam, ka san ɗinki?"

Ya ce ya sani. Ta sa na raka shi Xintang. Kusan mako muka yi muna shiga masana'antun ɗinki. Ba shi da surutu. Sai dai ya juya wando ciki waje, ya ja zif, in da matsala ya ajiye gefe. In mai shago ya ce "meyo", wato babu wani, sai ya zauna ya jira har a fito da shi. Kaya suka shiga kwantena lafiya.

Da muka dawo Hajiya ta ce aiki nasa ne, sannan ta tambaye shi ko akwai abin da ya kamata ta ji daga bakinsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce yana saurayi ya yi faɗa a tashar mota, ya ji wa wani mummunan rauni, aka ɗaure shi.

"Da sata a ciki?"

"Babu, Hajiya."

"To, ni amanar kaya ce damuwata. Allah ya kiyaye gaba."

Ƙanenta bai ji daɗi ba, kuma ba zan ce tsoronsa na banza ba ne. Ba a jima ba wani babban Alhaji cikin masu ba mu kaya ya gane mutumin, ya ce ko a kore shi ko shi Alhajin ya janye kayansa. Hajiya ta ba shi haƙuri, ta ƙi korar. Ya kwashe kayansa ya kai wani ofishi, bai sake dawowa ba. An ji wannan asarar a jiki.

Shi kuwa mutumin, har na baro China yana nan yana aikinsa, yana aika wa iyalinsa abin da ya samu.

Yanzu da nake ɗaukar nawa ma'aikatan na gane Hajiya ba ta hana tambayar ba, lokacinta ta sauya. In ka fara da tsohon laifin mutum, shi kaɗai za ka gani a fuskarsa. Ka fara ganin aikinsa, sannan ka tambayi abin da ya shafi aikin.