Wa Zai Ɗora wa ta Ƙarshe?

A tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, a ƙasar Larabawan da muke zaune, Ramatu ta gaya mini za ta ajiye karatu. Muna tsaye muna jiran jirgin da zai kai ta Al-Sadd, sai ta ce, "Anti Bilki, khalas, na haƙura. Ranar Lahadi zan janye, in koma Kumasi." 'Yar Zongo ce, tana shekarar ƙarshe a digiri na uku, ni kuma ina koyarwa a jami'ar da take karatu. Malamin da ke duba aikinta ya sake dawo mata da babin alƙaluma jajir da biro. Ga goyo, ga mijinta mai gadi ne, aikinsa ba dare ba rana. Wata da watanni tana fama ita kaɗai, ba ta nuna wa kowa ba. Jirgi ya zo ta shige, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Ba abin da ya faɗo mini a rai sai muryar Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. A ƙauyenmu na gefen Kazaure, in an sauke tuwo an yi isha'i, ba ta bari wutar murhu ta mutu. Takan tura masara cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya naɗe ƙafa. Ba ta da haƙoran cin masarar, amma ita ke rabawa, kuma mai surutu shi ke samun ƙonanniya. Ni ce kullum mai ƙonanniya. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna kusa da wuta, mu ji ta."

Akwai tatsuniyar da ba Gizo a ciki, ba Ƙoƙi, ba abin dariya, shi ya sa ba mu cika son ta ba. Wai a wani gari rijiya tana da nisa, tulunansu kuma manya ne, ba macen da za ta iya ɗaga cikakke ita kaɗai. Sai dai wata ta kama mata, a ɗora bisa gammo. Dokar matan garin ita ce ba a barin kowa a bakin rijiya.

A nan Iya kan tsaya ta dube mu. "To ta ƙarshe fa? Kowa da tulu a ka, wa zai ɗora mata?"

Wadda aka ɗora wa kafin ita, ita ce za ta durƙusa da kayanta a ka, wuya a miƙe, ta sa hannu ɗaya ta kama. Dole ruwanta ya tuttule ya bi mata baya. Don haka matan garin nan da jiƙaƙƙen baya suke komawa gida.

Sai wata baƙuwa ta zo garin da 'ya'yanta. Kunya ta hana ta buɗe baki ta ce a ɗora mata. Takan bari sai rana ta take, rijiya ta watse, ta zuba rabin tulu, daidai wanda za ta iya ɗagawa. Ruwa ba ya isa, yara na kukan ƙishi, ƙafafunta duk suka tsattsage da zirga-zirga. Ran nan ta cika tulun taf, ta kama, ya ƙi motsi. Ta sake kamawa, ya ƙi. Sai ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ƙudura za ta bar tulun a nan ta kwashe 'ya'yanta su bar garin. Wata tsohuwa da ta makara a ranar, ta riga ta yi nisa da nata kayan, ta waiwayo ta hango ta. Ta dawo, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta ce, "Kama." Suka ɗaga. Rabin ruwan tsohuwa ya zube. Da ta isa gida jikokinta suka leƙa tulu suka ce ina sauran ruwan, ta ce, "Yana kan wata."

Na ce, "Haba Iya, ai tsohuwa ta yi asara!"

Iya ta juya masara da yatsa, ko ƙuna ba ta ji. "Asara ƙwarai. Wa ya ce miki ba asara ba ce, sarkin surutu? Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na kwanta da haushin labarin. Ina jira a ce aljanu sun cika wa tsohuwa tulu, ko ta tsinci zinariya a hanya. Ba a ce ba.

A lokacin da Ramatu ta yi mini maganar nan, ni ma tuluna a ka yake. Ina rubuta maƙalar da zan aika wani taro da na daɗe ina burin zuwa, ƙarin girmana a wurin aiki ya rataya a kanta, kuma ƙarshen wata za a rufe karɓa. Wallahi sai da na yi ta juya abin a raina har na isa gida a unguwar Old Airport. Washegari Juma'a na kira ta na ce ta zo da babin, da jaririyar, da duk jan biron. Na kira wata abokiyar aikina 'yar Sudan da ta san kan alƙaluma. Muka baje takardu a tsakar falo, muna karɓar goyo hannu zuwa hannu. Da farko Ramatu ta ƙi ɗaga ido, wai kunya take ji mu ga shirmenta. Na ba ta labarin baƙuwa, sannan na tura mata shafin farko na ce, "Kama."

Ba ta janye ranar Lahadin ba. Juma'a ta bi Juma'a, wata ya ƙare, maƙalata tana nan rabi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, har hawaye na yi a ofis. Da maigidana ya tambaye ni ina zancen taro ya kwana, sai na ji bakina ya ce, "Yana kan wata."

Ramatu ta kare kundinta a farkon zafi. Mahaifiyarta, mai sayar da koko a Zongo, ta yi ta guɗa ta waya har muryarta ta dushe. Ni kuwa ƙarin girman bai zo ba har yau, kuma aljanu ba su cika mini tulu ba. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa Iya ta ƙi ƙawata ƙarshen labarin. So take mu san farashin tun muna yara, don kada ranar da ruwa ya bi mana baya mu ɗauka kuskure muka yi. Nakan kuma tuna matan da suka kama mini tun daga firamare har zuwa nan, ina ta murnar nawa tulun, ban lura da jiƙaƙƙen bayansu ba. Allah ya jiƙan Iya, ta rasu kafin in shiga jami'a.

Makon jiya Ramatu ta kira ni, ita da ke tsakiyar neman aiki. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Anti, akwai wata a bakin rijiya."

Na ce ta kawo ta ranar Juma'a.