Mode Mai Gora

Sau uku gulbin Rima ya ci gidan Mode a Goronyo, zamanin ganuwar Wurno tana sabuwa. A na uku, matarsa Kaltume ta wuni a kan rumbu da kaza a cinya. Da ruwa ya janye ta ɗaure kayanta.

"Malam, na tahi Wurno wurin Inna," in ji ta. "In ka samu inda ruwa ba ya shiga ɗaki, ka zo ka ɗauke ni."

Mode manomin albasa ne, bai san komai ba sai fadama, amma yana son matar nan ƙwarai. Sai ya ƙirƙiro dabararsa: ya cika gora, duk filin da ya gani ya tsiyaya ruwa ya tsuguna yana kallo. In ruwan ya kwanta, ya kaɗa kai ya wuce. A Boyekai ruwan ya kwanta. A Maikujera ya gudu, amma ya tafi da ƙasa, Mode ya ce nan kwazazzabo zai ci gida. Mutane suka sa masa Mai Gora, har mata kan leƙo su ce ya taimaka ya zuba a gindin kubewarsu.

Wata huɗu yana yawo kafin ya hau wani tudu mai tsakuwa bayan Lahodu. Ya zuba, ruwa ya gangara bai waiwayo ba. Nan ya gina ɗaki, ya je ya ɗauko Kaltume. Don ta gani da idonta, ya juye mata goran duka a ƙasa.

"Madalla," ta ce. "To ba ni in sha, na gaji."

Mode ya dubi gora.

"Ina rijiya?" in ji ta.

"Na haƙa zurfin gaba goma, ban ishe komi ba."

"Mi? Na ce inda ruwa ba ya shiga ɗaki, ban ce inda bai san hanya ba!"

Ya sunkuyar da kai, ya tabbata za ta koma. Ita kuwa ta yi dariya har da hawaye, ta sauke kayanta.

Shekara talatin Mode yana kora jaki kowace safiya zuwa gulbin da ya guje wa, ya ɗebo tulu biyu, nasa da nata. Bai taɓa bari ta ɗauka ba. Ni na san shi da tsufansa, bayan rasuwarta, kuma abin yana ba ni tausayi har yau. Tulu biyu yake kawowa.