Kilishin Inna a maƙabartar Lyon

Kilishi na bakin Inna na ce mata, "Inna, kin ga hoton da ke jikin dutsen can? Nan fa maƙabarta ce."

Ƙanwar mahaifiyata ce, ta zo mini ziyara daga Maraɗi zuwa Lyon, birnin Turawa. Mun gaji da yawo, muka shiga ta wata ƙaramar ƙofa, ga furanni ga benci, ta ce wannan lambu ya yi mata. Ashe unguwar mamata muka baje ledarmu.

Ta ƙame. Haɗiyewa ta gagara, tofarwa ta gagara.

A bencin da ke kusa, wata tsohuwar Baturiya na cin burodi da cuku hankali kwance. Inna ta zungure ni: "Tambaye ta, ba ta jin nauyinsu ne?"

Na tambaya. Matar ta nuna kabarin gabanta ta ce, "Mijina ne. Yana raye bai taɓa barina na ci abinci ni kaɗai ba, shi ya sa nake zuwa."

Na fassara wa Inna. Sai ta naɗe kilishin, ta miƙa wa matar.

"Ce mata su ci ita da maigidan. Ni ba zan iya tauna a gaban mutanen da ba zan ce wa bismillah ba."

Da yunwarmu muka fito, kuma har yau na kasa cewa ɗaya ta fi ɗaya girmama mamaci. Ku fa, da kun haɗiye ko kun tofar?